Dibor, Sibet da Tsibirin Kanjam

A nan Faliya ba mai kiran ta da sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Yay Dibor ta Kanjam ake ce mata, Yay ɗin wato uwa, ko da yake Kanjam ba gari ba ne, ba kuma can aka haife ta ba. Tsibiri ne a bakin babbar teku, tafiyar wuni guda in da hannu ake tuƙa kwalekwale, sa'a uku in da inji. Babu gida ko ɗaya a kansa. Rairayi ne da taɓo, da kurmin ruwa ta gabas, sai wani tudu na tsohon ɓawon ƙumba da kukoki huɗu a samansa.

Tana da shekara goma sha tara ta fara zuwa, wata biyar da aurenta. A zamanin, da an gama girbin gero an kai rumbu, matan garin nan sai su ɗaure kaya, tabarma da tukunya da buhun shinkafa da kwando da tsohon cokalin tonon taɓo. Maza su kai su Kanjam, su taya su kafa bukkokin kaba, su juya wajen kamun kifinsu. Sai bayan mako biyu kwalekwale zai leƙo da ruwan sha da labarin gida. Wata huɗu ake yi, wani lokaci biyar, har sai an ga hadari ya fara haɗuwa. Da ruwa ya janye a shiga taɓo a tono ƙumba, da ya dawo a fito a hura wuta, a dafa, a ɓare, a shanya. Ba agogo, ba mai gida, ba mai cewa ina abincina.

Surukarta ce ta tafi da ita, tsohuwa mai faɗa, ta kuma ja mata kunne tun a kwalekwale: kada ta wuce inda aka kafa sanduna, taɓon can yana haɗiye mutum. Kwana uku Dibor ta bi maganar. A na huɗu ta hango wuri bayan sandunan da ba wanda ya taɓa, ta sa cokali ta ji ƙumba kamar an zuba. Ta cika kwando fal, ta ɗora a ka, ta ce za ta juya, ƙafa ta ƙi. Ta ja ɗaya, ɗayar ta ƙara nutsewa. Kafin ta ankara taɓo ya kai mata cinya, ga ruwa ya fara dawowa yana lasar mata ƙugu. Matan garinsu sun yi nisa, sun ba ta baya.

Wata doguwar mace baƙa ce ta fito daga kurmi cikin ɗan ƙaramin kwalekwale, ta tsaya tana kallon ta. Daga sansanin matan Jola take, masu yankan kawa, wata irin ƙumba da ke manne wa saiwar itatuwan kurmi, a ɗaya gefen tsibirin.

"Ke 'yar wace ƙabila ce?" ta tambaya da Wolof, harshen da kowa ke ji a ruwan nan.

"Serer! Ki taimake ni, don Allah!"

"Ashe baiwata ce ta kafe. To saki kwandon."

"Ba zan saki ba!"

"Ku Serer da abinci sai Allah. Saki, ko a binne ki da shi."

Dibor ta saki. Matar ta turo mata filafili ta ce ta kwanta rub da ciki ta riƙe, ta yi ta ja tana zagin ta da zagin uban da ya aurar da ita ba hankali. Ta fito dai, amma zaninta ya zauna a taɓo. Matar ta yi dariya har ta kusa kifar da kwalekwalen, sannan ta kwance nata zanin na sama ta jefa mata.

Sunanta Sibet Sambu. Ta girmi Dibor da shekara biyu. Tana da wushirya, kuma ɗan yatsanta na hagu guntu ne, wuƙar kawa ta ɗauke kansa tun tana ƙarama. Serer da Jola abokan wasa ne tun kakanni, kowa yana cewa ɗaya bawansa ne, amma waɗannan biyun sun kai abin inda ba a saba ba. Ranin da ya biyo baya Sibet ta kafa bukkarta a gefen matan Faliya. Da surukar Dibor ta daina zuwa saboda tsufa, sai suka haɗa bukka ɗaya, tabarma biyu, tukunya ɗaya.

Sibet Kirista ce. Ran Lahadi ba ta taɓa wuƙa sai ta hau tudu ta yi addu'arta a gindin kuka, Dibor kuwa ta tsaya daga ƙasa tana yi mata ihu wai ruwa ba ya jiran coci. In azumi ya same su a tsibirin, Sibet ke dafa abin buɗa baki, don ita kaɗai ke iya ɗanɗana gishiri. Takan ɗanɗana sau uku, a gaban Dibor, tana lumshe ido.

"Allah ya isa," Dibor za ta ce.

"Ya isa mana. Shi ya ba ni baki."

A rani na shida Dibor ta je da tsohon ciki, ta yi lissafin za ta koma gida kafin lokaci. Naƙuda ta zo da hantsi, saura kwana tara kwalekwale ya zo. Sibet ce ta riƙe ta, ita ta yanke cibi da wuƙar da ta dafa a ruwan zafi, ita ta wanke jaririyar da ragowar ruwan shansu, suka yi kwana biyu suna roƙon ruwa bukka-bukka. Da aka dawo gari liman ya raɗa wa yarinya Mariyama. Mbanyik, mijin Dibor, bai hana ba da ya ji gida duka ana kiran ta Sibet. Har yau da sunan take amsawa.

Rani goma sha bakwai suka yi a haka. Wata huɗu tare, wata takwas ba mai jin ɗuriyar wata. Ba waya a lokacin, kuma cikinsu ba wadda ta iya rubutu. Ba su taɓa ganin gidan juna ba. Dibor ta san dai ƙauyen su Sibet yana can kudu kusa da iyaka, rikicin Kasamans ya watsa shi, kuma da damina Sibet takan zauna wajen dangi a Gambiya, yau nan gobe can. Ba ta tambayi fiye da haka ba. Me za ta yi da shi? Da an gama girbi za ta hango doguwar a bakin ruwa, hannu a ƙugu, tana cewa, "Sai yanzu? Bawa ke sa uwargijiyarsa jira?"

Ranar rabuwarsu ta ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Kwalekwalen matan Jola ne ya fara zuwa. Dibor tana ɗinke bakin buhu, zare a haƙori, ko bakin ruwa ba ta raka ta ba.

"Sai kaka, baiwa!" Sibet ta ɗaga murya daga cikin jirgi.

Dibor ta cire zaren ta ce, "Tafi da warin manjanki!" Ta koma kan buhunta.

Da daminar nan ma'aikatan gandun daji suka zo Faliya, aka yi taro a dandali. Suka ce Kanjam yana cikin gandu, ƙumbarsa ta ƙanƙance, tsuntsayen da ke ƙwai a rairayinsa suna raguwa, kunkurun teku sun daina hawowa. Za a rufe shi ya huta, ba tono, ba kwana. Dibor ta fi su sanin gaskiyar maganar. A shekarun baya-bayan nan abin da take tonowa bai fi farcen ɗan yatsa ba, tana jin kunyar dafa shi. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, tana cikin na farko. Sai da ta kama hanyar gida, ta zo daidai rijiya, sannan abin ya faɗo mata: in ba Kanjam, ba inda za ta sake ganin Sibet. Ta tsaya cik a tsakiyar hanya, har wata ta tambaye ta ko ta yar da wani abu ne.

Ta ci gaba da sana'arta a taɓon kusa da gari, a fita da safe a dawo da la'asar. Ta aurar da 'ya'ya, ta yi jinyar Mbanyik shekara biyu har Allah ya karɓi abinsa. Ba wanda zai ce ta rasa wani abu. Amma duk shekara da an gama girbi sai ta rasa sukuni. Ta fito da tabarmarta ta kakkaɓe, ta naɗe, ta mayar. Ta yi ta faɗa da mutanen gida a kan abin da bai kai ya kawo ba. 'Ya'yanta sun san lokacin, sukan ce, "Ku bar Yay, Kanjam ce ta motsa."

Duk inda ta ji ana Jolanci sai ta tsaya. A kasuwar Kawlak in ta kai busasshiyar ƙumba, a tashar jirgin Funjun, a asibiti. Kun san wata Sibet Sambu, doguwa, mai guntun yatsa? Sau ɗaya har Banjul ta je, inda matan Jola ke sayar da kawa a bakin titi. Suka ce sun san Sibet, aka aika a kira ta. Dibor ta gyara ɗankwali. Sai ga wata gajeruwa mai ƙiba tana share hannu da zani. Matan suka yi dariya, suka zaunar da ita, suka ba ta shinkafa da miyar manja, suka tsokane ta yadda ya kamata a tsokani Serer. Ta ci, ta rama. A jirgin da ke ƙetare kogi ne ta juya wa mutane baya ta yi kukanta.

Shekara goma sha tara da rufe tsibirin, Wagan, ɗan wanta, wanda ke tuƙa wa gandun daji kwalekwale, ya shigo gidanta da rana ya zauna a kan turmi.

"Goggo, an buɗe Kanjam, amma ba don tono ba. Baƙi za a riƙa kaiwa su kwana biyu ko uku a tanti, da masu ƙidayar tsuntsaye. Ana neman mai dafa abinci. Na ce akwai wata tsohuwa, sai dai ban sani ba ko gwiwarta—"

"Gwiwar uwarka. Yaushe za a tashi?"

Da kwalekwalen ya zagaya kurmi tsibirin ya bayyana, Dibor ba ta gane shi ba. Teku ta cinye inda bukkoki suke, ruwa ne shuɗi a wurin. Kuka ɗaya ta faɗi. Ta sauka ta yi ta yawo a rairayi, Wagan yana sauke kaya yana satar kallon ta. Ta nemi ramin da suke tona ruwan wanki a gindin wata giginya, ta tona da hannu, ta ɗanɗana, gishiri zalla. Tsuntsaye kuwa sun dawo, dubbai, farare, kukansu har ba a jin magana. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Can ta tashi ta ɗora tukunya.

Dokoki sun yi yawa yanzu. Ba a saran ice, da gas ake girki. Duk abin da aka zo da shi a koma da shi, har ɓawon albasa. Ƙumba ta yi girma kamar tafin hannun jariri, Dibor tana taka ta da ƙafa, ba dama ta tona. Baƙin kuwa, Turawa da 'yan Dakar, sun ba ta mamaki. Mutum ya bar gadonsa da fankarsa, ya zo ya kwanta a ƙasa cikin buhun leda, sauro ya ci shi, da safe ya fito yana godiya. Suna son shinkafarta da kifi, suna son ta ba su labarin da, Wagan yana fassarawa. Takan nuna musu ruwa ta ce, "A can ɗakina yake." Su ɗauki hoton ruwan.

Ita ma an ba ta tanti, ta ƙi. Ta ce ba za ta kwana a aljihu ba. Tabarma take shimfiɗawa a ƙarƙashin rumfar girki.

A raninta na uku a wannan aiki aka kawo sabon mai gadin gandu, Ansu Baji, magidanci ɗan Jola mai sanyin magana. Da jin sunan ta ajiye ludayi.

"Baji? Yau na yi bawa. Zo ka ɗauko min ruwa."

"Yay, ni da na zo duba ko bayina suna cin ƙwan tsuntsu?"

Bayan sun gama, ta yi masa tambayar da ta saba, ba don tana sa rai ba. Bai san Sibet ba. Amma ya ce mutanen yankinsu suna da zaure a waya, na garinsu da na coci da na 'yan kasuwa, saƙon murya yana yawo daga hannu zuwa hannu har Bisau. Ta yi magana kawai, shi zai tura. Ya miƙa mata wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu, sannan ta ce:

"Ni ce Dibor Sar ta Faliya. Ina neman baiwata da ta gudu, Sibet Sambu, doguwa, baƙa, mummuna, mai guntun yatsa. Duk wanda ya gan ta ya ce mata an buɗe Kanjam, ina can."

Mako biyar shiru. Ran nan da hantsi tana wanke shinkafa, Ansu ya kira ta daga kan tudu, don nan kaɗai waya ke kamawa. Ta hau da ƙyar tana dafa gwiwa. Ya danna, ya sa mata a kunne. Murya ce ta tsohuwa, ta dushe, tana haki tsakanin kalma da kalma.

"Wace marar kunya ce ke neman uwargijiyarta a duniya? Dibor. Dibor, ashe kina nan. Na je Kanjam shekarar da aka rufe, aka mayar da mu daga bakin ruwa. Na tambayi Faliya, aka ce akwai nisa, na ce baɗi. Ki zo. Ni ba na iya zuwa."

Dibor ta sa ya maimaita mata sau huɗu. Ranar baƙi sun ci shinkafa ba gishiri.

Da rani ya ƙare ta tafi, ita da 'yarta Sibet ƙarama, wadda yanzu take da 'ya'ya uku. Kwana biyu a hanya, mota da jirgi da mota, suka ƙetare Gambiya, daga Kafuntin suka sake shiga kwalekwale zuwa wani ƙauye cikin tsibiran can. Sun same ta a zaune a gindin mangwaro a gidan ɗanta. Tsawon yana nan, amma ta rame, idanun sun yi fari fat, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma, ciwon suga ya taɓa ta. Dibor ta tsaya a gabanta. Sibet ta miƙa hannu ta lalubo fuskarta, ta shafa kumatu, ta shafa wuya.

"Kin yi ƙiba. Wa ke ba ki abinci bayan ni?"

"Ke kuma kin ƙara muni."

"Ni dai na huta da ganin naki."

Sai suka riƙe juna. Mutanen gidan suka ba su wuri. Da aka kawo mata takwararta, Sibet ta laluba ta tun daga ka har kafaɗa, ta ce a ba ta kujera, wannan ba baƙuwa ba ce, da hannunta ta jawo ta duniya.

Kwana tara Dibor ta yi. Sun ƙirga waɗanda suka mutu, sun yi gulmar waɗanda suka rage. A rana ta biyu Sibet ta ce, "To ba ni labarin Kanjam." Dibor ta faɗa mata gaskiya, teku ta cinye wurin bukkoki, kuka ta faɗi, ramin ruwa ya zama gishiri.

"Da kin bar ni da nawa," in ji Sibet. "A nawa komai yana nan."

Amma washegari ita ta sake tayar da zancen. Tsuntsayen fa? Dibor ta ce sun dawo, sun fi na da. Kunkuru? Sun dawo. Iskar la'asar ɗin nan da ke zuwa ta yamma? Tana nan yadda take. Sibet ta ɗaga kai kamar tana jin ta a fuska. Ta kira ɗanta ta ce a kai ta, ko kwana ɗaya ne, ba sai ta gani ba. Ɗan ya durƙusa ya ce, "Mama, likita ya ce ƙafar nan kada ta taɓa ruwa. Ki bari ta warke." Ta ce to bayan bikin Ista.

Ansu ya nemo izini, Wagan ya kafa wa kwalekwalensa kujera mai jingina. Ista ta zo ta wuce, ƙafar ba ta warke ba. Shekara ta zagayo, aka yanke mata yatsun ƙafa biyu. Duk Lahadi in an taso daga coci jikan Sibet yakan buga waya, Dibor ta bar girki ta hau tudu. Wani lokaci su yi ta zagin juna. Wani lokaci Sibet ta ce, "Yi shiru, baiwa, surutunki ya ishe ni," sai Dibor ta ɗaga wayar sama wajen tsuntsaye, ta riƙe har hannunta ya gaji.

Bana Dibor ta cika sittin da ɗaya. Hawan tudun nan sai ta huta sau biyu. Ran da za a fara kai baƙi, Wagan ya zo ya same ta ta riga ta ɗaure kaya, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Goggo, 'ya'yanki sun yi min magana. Sun ce ki huta haka nan. Matata za ta iya girkin."

"Matarka ta san inda taɓo ke haɗiye mutum?"

"Ba mai shiga taɓo yanzu, Goggo."

"Sibet ta ce bayan Ista za ta zo."

"Bara ma haka ta ce."

"Na ji. In ta zo ta tarar ba na nan, kai za ka amsa mata?"

Wagan ya sunkuya ya ɗauki tabarmar da tukunyar, ya yi gaba. Ta jawo ƙofa, ta bi shi a hankali zuwa bakin ruwa.